Wardi Goma Sha Biyu da Ƙararrawar Malama Veturia

Ni Smaranda, idan aka ce in faɗi ranar da na fi jin haushin mahaifiyata a duniya, Alhamis ɗin da ta wuce zan faɗa. Idan kuma aka ce in faɗi ranar da na fi ƙaunarta, washegari ce, Juma'a. Ku gyara zama, don ni kaina har yanzu ban gama dawowa daidai ba.

Safiyar Alhamis ina cikin tiram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, zan tafi makaranta, kwalin takardun shaidar yara a kan cinyata, wayata ta yi ƙara. Malama Veturia ce, shugabar sashen firamare ta makarantarmu.

"Na ji abin alheri. Allah ya sanya albarka. Na so a ce daga bakinki na ji."

Sau uku na karanta. Wane abin alheri? Matar nan ba ta rubuta saƙo sai da dalili.

Ku da ba ku san ta ba, Malama Veturia ita ce makarantar Teiul Mic, sauranmu kawai muna taya ta ne. Shekara ashirin da biyu da suka wuce suka fara a wani gidan haya mai ɗaki uku a nan garin Iași, da yara goma sha huɗu. Yau yaranmu sun haura ɗari uku. Bana kaɗai mun ɗauko lambar zinariya biyu a gasar lissafi ta ƙasa, 'yan aji huɗu kaf sun haye jarrabawar gwamnati babu wanda ya yi ɗingishi, ƙungiyar waƙarmu kuma har a rediyo an sa ta. Amma abin da ta fi taƙama da shi ba wannan ba ne. Ita ta tsaya kai da fata har masu makarantar suka yarda a kowane aji a ware kujeru kyauta ga yaran ƙauye waɗanda iyayensu suka tafi aikatau ƙasashen waje. Kullum ƙarfe bakwai da rabi tana bakin ƙofa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, tana gaida kowane yaro da sunansa. Ƙarfe takwas ta kaɗa wata tsohuwar ƙararrawar tagulla mai mariƙin katako. An saka mana ta lantarki tun tuni, ta sa aka cire wayar.

Bana za ta yi ritaya. Kowa ya san wadda ta miƙa wa ƙararrawar nan ranar bikin rufe shekara, ita ce sabuwar shugaba. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, ina so. Ina so har cikin ƙashina. Shekara biyar na yi da yaran ajina, tun daga share fage har aji huɗu, na karɓe su ba su iya ɗaura igiyar takalmi ba, ga shi zan sallame su suna yi mini gardama a kan tarihi.

Ko jakata ban ajiye ba na faɗa ofishinta.

"Malama, wane abin alheri?"

Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau. A kan teburinta ga wani burodin cozonac naɗe da farin tawul mai jan baki. Na san tawul ɗin, ni nake goge shi.

"Mahaifiyarki ta zo jiya bayan kin tashi," ta ce. "Mace mai kirki. Ta ce watan Agusta za ki bi likitanki Jamus, kar in wahalar da ke da sabon aji."

"Ni ban ce ba!"

"Ta kuma roƙi minti biyar a kan dandamali a bikin gobe. Wai yana zuwa da zobe."

Jama'a, na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Wato a gaban iyaye ɗari uku za a durƙusa mini, yadda ko ina so ko ba na so kunya za ta sa in ce to.

"Malama, na rantse miki ba ni da labari. Ba inda za ni."

"Smaranda, 'yata, na ji bakin uwarki, na ji naki. Gobe kuma zan ji na saurayi." Ta shafa mariƙin ƙararrawar. "Malamai huɗu na rasa a shekara shida, duk sun rantse mini kamar yadda kika yi. Ba na ganin laifinsu. Amma wannan abar ba zan ba wadda akwatinta ke bakin ƙofa ba. Takardar da zan kai wa masu makaranta tana nan, ban rubuta suna ba tukuna. Ɗauki yanka ɗaya, uwarki ta iya gashi."

Ban ɗauka ba. Ranar ko me na koyar ban sani ba.

To bari in yi muku adalci game da Octavian, wanda kowa ke kira Tavi. Likitan haƙori ne a Stuttgart ta Jamus, shekararsa talatin da shida, ƙanwar Mama da ke aiki can ce ta haɗa mu. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Ba mugu ba ne. Yana da sanyin murya, yana saurare idan ina magana, "malamata" yake ce mini, kuma duk safiya sai ya turo mini hoton kofin shayinsa kamar wani abin kallo. Ina son sa, na faɗa. Abu biyu ne kawai suke tsaya mini a wuya. Duk zuwansa sai ya ɓace kwana biyu wai ya je ƙauye gaida mahaifiyarsa, bai taɓa cewa in raka shi ba. Sannan duk lokacin da na ce aikina, sai ya yi murmushi ya ce a can ma akwai yara.

Da la'asar na tarar da Mama a kicin, ta baje ganyen kabeji a faranti tana naɗe nama da shinkafa a ciki, abincin da muke kira sarmale, tukunya biyu, kamar za a ciyar da unguwa.

"Mama, me ya kai ki makarantarmu?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙafata."

"Kin san abin da kika ɓata mini kuwa?"

"Na ɓata miki goge majinar 'ya'yan mutane. Wanke hannu ki zo ki taya ni, Tavi gobe a nan zai ci."

"Shugaba za a ba ni, Mama!"

"Shugabar me? Ƙararrawa? Ta saniyar kakarki ma ta fi ta ƙara." Ta dangwarar da cokali. "Ke 'yar nan, shekararki ashirin da tara. Shekara bakwai na yi a Italiya ina wanke tsofaffin da ko sunana ba su iya faɗa ba, don ki yi karatu. Ni da bokiti na tafi. Ke za ki tafi a matar likita, a gaban mota, kina yi mini tsiwa?"

Akwai maganar da ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye. Ku zan gaya wa. Ina aji ɗaya na zo ta ɗaya, ranar da ake saka wa waɗanda suka yi fice kambin fure. Kowace yarinya uwarta ce ke hawa ta ɗora mata. Ni maƙwabciyarmu ce ta ɗora mini, kambin ya yi mini yawa yana faɗowa kan hancina, a hoton ma ba a ganin idona. Mama tana Italiya. Shekara ashirin da biyu ba mu taɓa tayar da zancen ba, kuma ban ga dalilin soka mata wuƙa a kan kabeji ba. Na shige ɗaki na turo ƙofa.

Saƙon Tavi ya shigo: "Na sauka lafiya, malamata. Gobe ki sa farar rigar nan mai aikin ja."

Na rubuta "Muna da magana," na goge. Na rubuta "Kar ka zo," na goge. Ƙarshe na tura masa "Sannu da hanya." Ku zage ni, na cancanta.

Juma'a na sa rigar, amma ba don shi ba. Ta kakata ce, farar rigar gargajiya da muke kira ie, mai ɗinkin hannu ja da baƙi a kafaɗa, duk bikin makaranta ita nake sawa. Itatuwan tei na harabar sun yi fure, ƙamshi har yana hawa kai. Iyaye sun cika kujeru, kowace uwa da kambin ɗanta a kan cinya tana gyara masa ganye. Mama ta zo da kwat ɗinta mai ruwan toka ta zuwa coci, ta yi gyaran gashi, ta zauna layin gaba kamar ita ta gina wurin.

Saura minti ashirin a fara, ina bayan dandamali ina jera 'yan ajina, wayata ta yi ƙara. Mahaifiyar Anisia ce.

Anisia ita ce ta ɗaya a ajina, ita ta ɗauko mana ɗaya daga zinariyar lissafin nan. 'Yar ƙauye ce, tana zaune da kakarta, uwar tana Italiya tana jinyar wata tsohuwa. Tun watan Maris yarinyar take gaya wa duk wanda ya tsaya cewa mamarta za ta zo da kambi.

Uwar ta ce, "Malama ki yafe ni. Tsohuwar ta faɗi jiya, 'ya'yanta sun hana ni tafiya. Na kasa gaya wa Anisia. Don Allah ki saya mata kambi, kar ta hau kai babu komai."

In saya a ina? Duk makarantun garin ranar suke rufewa, tun jiya masu fure suka sayar da na ƙarshe. Na leƙa na hango kakar a can baya da ɗankwalinta, hannunta babu komai sai jakar leda. Anisia kuwa tana tsaye da fararen safa, wuyanta kamar zai tsinke don leƙen ƙofa.

Daidai nan Tavi ya shigo ta ƙofar baya, Mama na biye da shi tana washe baki. Kwat shuɗi, takalmi na sheƙi, ƙirjinsa cike da jan wardi. Aljihunsa na dama ya ɗan kumbura, na san ko mene ne.

"Malamata," ya ce.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo mini ba. Wataƙila don raina ya riga ya ɓaci da abin da ya fi nawa.

"Tavi, tsaya nan, kar mu kai dandamali. Ina son ka, amma ba zan bi ka Jamus ba. Ba Agusta ba, ba baɗi ba. Nan ne wurina. Abin da ke aljihunka ka bar shi a ciki. Furen nan kuwa ina buƙatarsu yanzu-yanzu."

Ya yi tsaye baki buɗe. Na jira Mama ta fashe. Sai na ga ba ni take kallo ba, furen take bi da yatsa, leɓenta na motsi.

"Goma... sha ɗaya... sha biyu?" Ta yi alamar gicciye da sauri. "Octavian! Sha biyu? Maƙabarta za ka?"

"Tanti, a can haka ake sayar da su, dozin..."

"A can! To nan ba can ba ne. Furen da ya rabu biyu daidai na mamaci ne, ko yaron goye ya sani. Shekara nawa ka yi a waje har ka manta? 'Yata da ranta da lafiyarta za ka miƙa wa sha biyu a gaban jama'a?" Ta fizge damin furen daga hannunsa kamar zai cije ni.

Na ce, "Mama, ba ni su. Yarinyar can ce ta ɗaya, ba ta da kambi."

"Ina uwarta?"

"Italiya. An hana ta zuwa."

Mama ta juya ta kalli Anisia. Ta daɗe tana kallonta. 

"Ke ba ki iya ba," ta ce, muryarta ta canja. "Hannunki kamar na mai faskare. Karyo mini rassan tei masu laushi guda uku. Kai kuma likita, tunda ka iya cire abu, cire ƙayar nan."

Jama'a, da kun ga ikon Allah. Mama ta zauna a kan akwatin lasifika da kwat ɗinta na coci, ta lanƙwasa rassan ta yi da'ira, ta warware jan zaren da aka ɗaure furen da shi. Tavi ya durƙusa a gabanta, ba durƙuson da ya shirya ba, yana ɓalle ƙaya ɗaya bayan ɗaya yana miƙa mata. Yatsunta na gudu kamar tana kitso. Ashe tun tana budurwa ita ke yi wa 'yan ƙauyensu kambi, ni ban taɓa sani ba.

"Zo nan, 'yar albarka, in gwada kanki," ta ce da Anisia.

Yarinyar ta matso, ta kalle ni. "Malama, mamata fa? Ta ce za ta zo."

Na tsuguna na gaya mata gaskiya, don ban taɓa yi wa 'yan ajina ƙarya ba. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta gyaɗa kai kawai ta ce, "Dama na sani. Kullum sai wani abu ya faru."

Na lura hannun Tavi ya tsaya cak a kan furen. Fuskarsa ta yi fari fat. Na ɗauka maganata ce take cin sa.

Wardi goma sha ɗaya Mama ta saka, ta cusa mini na sha biyun a hannu. "Riƙe. Ɗaya ba laifi." Da na juya, Malama Veturia na tsaye a bakin labule da ƙararrawarta. Tun yaushe take wurin, ban sani ba. Ta duba agogo ta wuce.

Aka fara. Ta hau ta lissafo abin da makaranta ta samu bana, iyaye na tafi har da masu fito. Aka zo kiran 'yan aji huɗu.

"Lamba ta ɗaya, da kambi: Anisia Bejenaru!"

Kakar ta yunƙura, ƙafa ta ƙi, ta yi wa Mama alama da hannu. Mamata ta hau dandamalin nan da takalminta mai tsini, ta ɗora wa 'yar mutane kambi, ta gyara shi ya zauna daram, ta sumbace ta a kumatu biyu. Duk kambunan da aka sayo a shago babu wanda ya kama ƙafarsa. Na ɗauki hoto na tura Italiya nan take. Amsar da ta dawo ba rubutu ba ne, saƙon murya ne na daƙiƙa tara, kuka kawai.

Da Mama ta sauko ta tsaya kusa da ni, ba ta kalle ni ba.

"Naki ya yi miki yawa," ta ce a hankali. "Na ga hoton. Yana cikin jakata har yau."

 Na kama hannunta, duk ya yi kore da ruwan ganye.

Sai muryar Malama Veturia: "An roƙe ni minti biyar a kan dandamalin nan. Ina jin mai roƙon ta janye?"

Mama ta ɗaga murya daga inda take, ko kunya babu: "Ta janye!"

Mutane suka yi dariya ba su san dalili ba.

"To ni zan yi amfani da su. Shekara ashirin da biyu ina kaɗa abar nan, kafaɗata ta gaji. Na daɗe ina neman wadda idan yaro ya rasa kowa a ƙofa, zai same ta. Malama Smaranda Cozmiuc, zo ki karɓa."

'Yan ajina ne suka fara ihu, sauran suka ɗauka. Ban san yadda na hau ba. Ƙararrawar ta fi yadda nake zato nauyi, mariƙin ya lotsa daidai wurin babban yatsanta. Ta raɗa mini, "Daga gwiwar hannu ake kaɗawa, ba daga wuyan hannu ba, kar ki ba ni kunya." Na ɗaga na kaɗa, na sake kaɗawa, na rufe shekarar da hannuna. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na yi tawali'u ba. Na ji ni wata ce! Ina hango Mama tana gaya wa matar da ke gefenta, "'Yata ce. Shugaba ce." Ƙararrawar saniya fa, jiya-jiya.

Da aka watse na nemi Tavi, babu shi. Mama ta ce in ƙyale shi ya huce, sarmale dai ba za su yi asara ba, ta gayyato Anisia da kakarta.

Ina cikin ofishin da ya zama nawa, na ajiye ƙararrawa da wardina guda ɗaya a kan tebur, rana na shigowa ta taga, saƙonsa ya shigo. Dogo ne.

"Smaranda, na taya ki murna, kin cancanta. Akwai abin da na ɓoye miki, na ɓoye wa mahaifiyarki. Ba mahaifiyata kaɗai nake zuwa gani a ƙauye ba. Ina da 'ya. Sunanta Ilinca, shekararta shida, uwarta ta bar mu tun tana jaririya. Na yi ta cewa sai na yi aure in ɗauke ta, na ji tsoron idan kin sani za ki gudu. Sau uku ina yi mata alkawarin zuwa ranar haihuwarta ban zo ba. Yau na ji abin da yarinyar nan ta ce. Ban san me zan yi da kaina ba tukuna. Amma Satumba za ta fara makaranta. Za ki karɓe ta?"

Ƙasan saƙon ga hoto: 'yar yarinya a bakin wata katangar katako, haƙoran gaba biyu babu, idanunta nasa sak.

Na yi fushi, kar ku ce ban yi ba. Wata shida yana turo mini hoton kofin shayi, ga abin da ya kamata ya turo! Na tashi na zaga tebur sau biyu. Na dawo na sake kallon yarinyar, na ƙara girman hoton. Igiyar takalminta ɗaya a kwance take.

Na ja kujerar Malama Veturia na zauna sosai, na rubuta masa amsar farko da na bayar a matsayin shugaba:

"Litinin, ƙarfe tara, ka kawo ta da takardar haihuwarta. Ita za ta shigo ofis. Kai ka jira a bakin ƙofa, ban gama da kai ba."